Fasahar Hannu: Yadda Za Ku Zaɓi Baniya, Ku Gyara Ta Don Ƙera Ƙananan Motoci da Jirage

A wannan makon za mu bi titin Gwarzo ne, mu wuce sabon matsugunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado, mu yada zango a ƙasar Kabo da Gwarzo. Yanki ne na noma, kuma da zarar an girbe dawa, kara ya wadata, yara kan shiga aikinsu na gado: motar kara, motar langa-langa, jirgin sama na kwali, da tirela ta gwangwani mai tayoyin tsohon silifa. Daga Garo zuwa Getso, da wuya a rasa unguwar da babu yaron da aka san shi da wannan baiwa.

Sai dai idan aka ɗauki irin wannan aiki aka kai shi gaban alƙalan gasar kimiyya, ko baje kolin ƙungiyar JETS ta makaranta, tambayar farko da malami zai yi ita ce: "Sau nawa ka rage girman motar gaske?" A nan ne yawancin masu baiwar nan suke yin shiru. Tayar gaba ta fi ta baya, fiffiken dama ya ɗara na hagu, ƙofa kuma ta yi girman da in a motar gaske ce, raƙumi ma zai shige. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, amma kima kawai ya sani. Abin da ke raba abin wasa da samfurin injiniya shi ne awo, kuma babban makamin awon ƙananan abubuwa shi ne ma'aunin kaurin nan da littafin Fizis na aji ɗaya na babbar sakandare ke kira baniya kalifa. Mu a nan za mu riƙa ce mata baniya.

Mu fara da jirgin gida

Sunan Kabo ya daɗe yana yawo a sararin samaniya. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980, kuma dubban alhazai sun je ƙasa mai tsarki a manyan jiragensa ƙirar Boeing 747. Ɗalibin Kabo ko Gwarzo da ke neman abin da zai ƙera, ga shi nan har da tarihin gida.

Boeing 747 na farko-farko, wato samfurin 100 da 200, tsawonsa mita 70.6 ne. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 59.6, tsayinsa daga ƙasa zuwa ƙolin wutsiya mita 19.3, faɗin gangar jikinsa kuma mita 6.5. Idan muka ce za mu ƙera shi a sikel na 1:100, irin sikel ɗin da kuke gani a jikin taswira, ma'ana kowane awo za mu raba shi gida 100. Tsawo zai zama milimita 706, fiffike milimita 596, tsayi milimita 193, gangar jiki milimita 65. A sikel na 1:200 kuwa, tsawo milimita 353, fiffike 298, tsayi 96.5, gangar jiki 32.5.

Ku lura da kyau. Tsawo da fiffike rula ko tef ɗin tela sun isa. Amma gangar jiki zagayayya ce, haka injinan guda huɗu, haka tayoyi. Ɗora rula a kan abu zagayayye kamar auna ruwa da rariya ne, domin ba ka san inda tsakiyarsa take ba. Kuskuren milimita 1 a sikel na 1:200 daidai yake da santimita 20 a jikin jirgin gaske. Wannan giɓin ne baniya take cikewa.

Wane ne ya ƙirƙiro ta?

Ma'auni mai baki biyu tsohon abu ne. An tsinci na katako a cikin wani jirgin ruwa da ya nutse kusa da tsibirin Giglio na ƙasar Italiya fiye da shekara 2,500 da suka wuce, kuma a ƙasar Sin akwai na tagulla mai zamewa wanda aka yi a shekara ta 9 Miladiyya. Ƙaramin ma'aunin da ke zamewa a gefen babba kuwa, wani Bafaranshe ne mai suna Pierre Vernier ya bayyana shi a 1631, kuma daga sunansa aka samo kalmar baniya. A 1851 Joseph R. Brown na ƙasar Amurka ya fara ƙera ta a farashin da maƙeri zai iya saya.

Baniya guda tana awo iri uku. Manyan muƙamuƙai na ƙasa suna kama abu ta waje, kamar kaurin taya. Ƙananan ƙahonni biyu na sama suna shiga cikin rami su auna faɗinsa. Siririyar wutsiyar da ke fitowa ta ƙarshe tana auna zurfi. Akwai kuma ɗan sukuru a sama da ake ɗaurewa don kada awon ya goce.

Karanta ta ba wuya. A mafi sauƙinta, an raba milimita 9 gida 10 a kan ƙaramin ma'aunin, don haka kowane gida ya gaza milimita ɗaya da 0.1. Da farko ku duba inda sifirin ƙaramin ma'auni ya tsaya. A ce ya wuce 32 bai kai 33 ba. Sai ku bi layukan ƙaramin ma'aunin ɗaya bayan ɗaya, ku nemo wanda ya yi daidai da wani layi na babban. Idan na 5 ne, awonku 32.5 ke nan, wato gangar jikin jirginmu a 1:200. Wanda ya iya wannan a kan aikin hannunsa, tambayar baniya a jarrabawar WAEC ko NECO ba za ta ba shi tsoro ba.

Wacce za ku saya?

Iri huɗu aka fi samu. Akwai ta roba mai layuka, wadda take karanta 0.1 ko 0.05. Akwai ta ƙarfe mai layuka, mai karanta 0.05 ko 0.02. Akwai mai fuskar agogo da allura. Sai mai lamba, wadda take aiki da batir, tana nuna awo a ɗan gilashi, galibi har 0.01. Yawancinsu tsawon milimita 150 suke aunawa, kuma wannan ya wadatar da mai ƙananan samfura.

Matashi in ya shiga shago a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, idonsa kan mai lamba yake fara sauka. Kafin ku zaro kuɗi, ku yi wannan lissafin. A sikel na 1:100, awon 0.01 daidai yake da milimita 1 a jikin jirgi mai tsawon mita 70. Shin rezarku za ta iya yanka kwali da wannan ƙwarewar? Totuwar kara da soson silifa kuwa, matsa su kaɗan da yatsa ya isa ya rage musu rabin milimita. Shawararmu ita ce ku sayi daidaiton da kayan aikinku za su iya riƙewa. Mai aiki da kwali, kara, soso da gwangwani, baniya mai 0.1 ko 0.05 ta ishe shi. Wanda ya kai matsayin haɗa ƙaramin inji da gatari da boris, inda ƙarfe zai shiga cikin ƙarfe, shi ne yake buƙatar 0.02.

Sannan ku yi la'akari da inda kuke zaune. Mai lamba tana cin ƙaramin batir irin LR44 ko CR2032, kuma masu arahar cikinsu suna ci gaba da shan batir ko an kashe su. Ranar da ya mutu ana jibi gasa, wataƙila sai an aika Kano. Gumi ko ɗigon ruwa a jikinta yana sa lambobin su rikice. Tana kuma da maɓallin da ke juya awo daga milimita zuwa inci, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka taɓa shi bisa kuskure zai iya ɓata aikin mako guda. Mai agogo tana da ƙananan haƙora a jikinta, ƙurar hunturu na shiga ta sa allurar ta yi tsalle. Ta ƙarfe mai layuka ba ta neman batir, ba ta jin tsoron ƙura, in an kula da ita har ƙannenku za su gada. Ga ɗalibin Gwarzo ko Kabo, ita muka fi zaɓa. Wanda aljihunsa bai kai ba ya fara da ta roba, yana sane da cewa bakinta na cinyewa da wuri.

Gwaji huɗu kafin biyan kuɗi

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar nagarta ba ce, domin akwai jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni irin su Mitutoyo na Japan. Ku gwada da kanku.

Na ɗaya, ku goge muƙamuƙan, ku rufe su, ku ɗaga sama wajen haske. Idan haske yana ratsawa tsakaninsu, ku ajiye ta.

Na biyu, tana rufe, ku duba ko sifirin ƙaramin ma'auni ya hau kan sifirin babba.

Na uku, ku ja ta daga farko har ƙarshe. Ta tafi sumul, kada ta cije a wani wuri, kada kuma ta yi girgiɗi.

Na huɗu, ku je da abin da kuka san girmansa. Ku roƙi bakaniken babur ya ba ku tsohon boris wanda lambarsa take fita. Boris mai lamba 6202 raminsa milimita 15 ne, faɗinsa ta waje 35, kaurinsa 11. Mai lamba 6203 kuwa 17 ne, da 40, da 12. Ku wanke shi da kananzir, ku auna shi da bakin muƙamuƙi, ku sake aunawa da can cikinsa. Idan amsa biyu ta bambanta, muƙamuƙan sun karkace. Ku adana wannan boris, zai zama alƙalin baniyarku duk lokacin da ta faɗi ƙasa.

Gyare-gyaren da suka halatta

Masu ƙera samfura a ko'ina a duniya sukan yi wa baniya 'yan gyare-gyare don ta dace da aikinsu. Doka biyu ce a nan. Ba a gyara ta ɗakin gwajin makaranta ko ta aro. Kuma ba a taɓa fuskokin ciki na muƙamuƙai, inda suke haɗuwa, da magagari ko samfefa, domin nan ne rayuwar awon take.

Gyara na farko shi ne mayar da ita abin zana layi. Idan kuna so ku yanko gwangwani mai faɗin milimita 12 daidai daga farko har ƙarshe, sai ku shafa maka a jikinsa, ku saita baniya a 12, ku ɗaure sukuru, ku jingina muƙamuƙi ɗaya a gefen gwangwanin, ɗayan ya ja layi. Don ta yi wannan da kyau, akan rage tsawon muƙamuƙi ɗaya da kamar milimita 2, a fiƙe shi ta bayansa a kan dutsen wasa wuƙa. Wannan aiki yana cinye baki, saboda haka a yi shi da tsohuwa ko mai araha, a bar mai kyau ga awo.

Na biyu shi ne takardar sikel. Ku yanko siririyar takarda, ku liƙa ta a bayan baniya ta roba, ku ja layukan da ke nuna mitocin gaske. A 1:50 kowace mita milimita 20 ce, a 1:200 milimita 5, a 1:24 milimita 41.7. Daga nan in kun kama abu, gaba zai gaya muku girmansa a hannunku, baya ya gaya muku girmansa a motar gaske, ba sai kun nemi kalkuleta ba.

Na uku na masu aiki da abu mai taushi ne. Bakin baniya siriri ne, yana nutsewa cikin totuwa da soso. Ku sami ɓallayen roba biyu masu shafaffen jiki, kamar na tsohon katin waya mai kauri, ku auna kaurinsu tare, ku rubuta. Sai ku sa abin tsakaninsu ku auna, ku debe kaurin ɓallayen. Kada ku matsa da ƙarfi, taɓawa kawai ake so.

Na huɗu na kiyaye lafiya ne. Ƙahonnin sama suna da tsini ƙwarai. Ku yanko guntun tiyo na babur ku rufe su in ba a aiki, musamman a gidan da ke da ƙananan yara. Da damina a riƙa shafa wa ta ƙarfe ɗigon man keken ɗinki a goge, a ajiye ta da bakinta a ɗan buɗe.

Wanda ba shi da ko sisi

Rashin kuɗi bai hana awo ba. A cikin akwatin lissafinku akwai kamfas mai allura biyu. Ku kama abu da shi, ku ɗora a kan rula, kun sami awo. Don ya kama abu zagayayye, maƙerin unguwa zai iya yanko muku langa-langa biyu masu lanƙwasa kamar ƙahon sa, ya haɗa su da ƙusa ɗaya mai ɗan tauri.

Akwai kuma almakashin rabo, wanda yake rage girma ko ƙara shi ba tare da lissafi ba. Ku sami siraran katako biyu, kowanne santimita 30, ku fiƙe duka bakunansu huɗu. Ku huda su a santimita 10 daga baki ɗaya, ku haɗa da noti. Duk yadda kuka buɗe, babban baki zai ninka ƙaramin sau 2. In kun huda a santimita 6, sau 4 ne. In a santimita 5, sau 5. Da shi za ku kwashi awo daga hoton jirgi a littafi ku ninka shi a kan kwali. Amma hoton ya zama wanda aka ɗauka ta gefe sosai, domin na karkace yana gajarta abin da ke nesa.

Don ku gane sirrin baniya, ku yi babba da kwali. A kan ɓalle ɗaya ku ja layuka santimita ɗaya-ɗaya. A kan na biyu ku ja layuka 10 masu tazarar milimita 9. Ku zame ɗaya a gefen ɗaya, za ku ga layukan suna haɗuwa bi da bi, kowanne yana nuna ƙarin milimita 1. Gani ya kori ji.

Kaya ne ke zaɓen sikel

A Turai da Amurka mai sha'awar wannan aiki yakan sayi kayan da aka riga aka ƙera a 1:72, 1:48 ko 1:24. Waɗannan lambobi daga inci da ƙafa suka fito, misali a 1:72 inci ɗaya yana wakiltar ƙafa 6. Mu da muke aiki da milimita, kuma kayanmu daga bola da gona suke, hanyarmu daban ce: mu fara auna abin da ba za mu iya sauya girmansa ba, shi zai ba mu sikel.

Gwangwanin lemo mai faɗi yana da kimanin milimita 66. Ku raba 6,500 da 66, za ku sami kusan 98, wato ya yi kusa da 1:100, ya dace da gangar jikin 747. Bututun roba na milimita 32 ya dace da 1:200. Haka abin yake ga mota. Ku duba rubutun jikin taya a tasha, da izinin direba. In an rubuta 195/65 R15, faɗin tayar milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na wannan, wato 126.75, ƙarfen tsakiya kuma inci 15, wato milimita 381. Ku haɗa 381 da 126.75 sau biyu, kun sami 634.5. Idan marfin kwalbar da za ku yi taya da shi ya ba ku milimita 30 a baniya, sikel ɗinku ya kama 1:21. Tsawon mota, faɗinta, tsayinta, duk sai a raba su da 21, a rubuta a littafi kafin reza ta taɓa kwali. Kowane awo a yi shi sau uku, a wurare uku, domin marfi da kara ba su cika zagaye daidai ba.

Kira ga malamai da iyaye

A makarantu da dama baniya tana kulle a kabad, ba ta ganin rana sai jarrabawa ta matso. Muna roƙon malaman Fizis da na fasaha su riƙa fito da ita a lokacin ƙungiya, ƙarƙashin kulawarsu. Ɗalibai goma kuma za su iya yin karo-karo su sayi guda, su naɗa mai ajiya. Iyaye su ma kada su ɗauki wannan aiki a matsayin shiririta. 'Yan uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, sun gwada ƙananan samfuran fiffike kusan 200 a cikin akwatin iska a 1901, suna aunawa suna rubutawa, kafin jirginsu ya tashi a 1903. Yaron da ya saba rubuta awo a kan motar kara, shi ne gobe zai riƙe baniya a gareji, a masana'anta, ko a ajin injiniya. Kuma 'yan mata, wannan fili naku ne kamar yadda yake na maza. Hannun da ya iya auna ɗinki ya iya auna fiffike.

Aikin wannan mako

1. Wata babbar mota tana da tsawon mita 12 da faɗin mita 2.5. Milimita nawa za su zama a sikel na 1:50?

2. Sifirin baniya mai 0.1 ya wuce 17 bai kai 18 ba, layi na 4 ne ya yi daidai. Nawa ne awon?

3. An rubuta 175/70 R13 a jikin taya. Ku fitar da tsayinta duka, sannan ku faɗi girman marfin da ya dace da ita a sikel na 1:20.

Ku yi lissafin a littafinku, ku nuna wa malaminku, ku kwatanta da amsoshin da za mu kawo. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da ilimi mai amfani, amin.